Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya Na Kamaru Kan Jiƙon Da Majinyata Ke Sha A Ɓoye A Asibitocin Arewa

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya na Jamhuriyar Kamaru,
ta hannun wakilan ma'aikatar lafiya na jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa da Adamawa,
tare da shugabannin asibitocin waɗannan jihohi uku.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, muna roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙon wannan amana mai nauyi. Masu wannan wasiƙa ma'aikatan jinya ne da ungozomomi da masu harhaɗa magunguna, tare da wasu dattawa da suka gaji sana'ar maganin gargajiya iyaye da kakanni, daga Garwa da Marwa da Ngaundare da Kusiri da Gidar. Muna magana ne da yawun majinyatan da ke kwance a gadajen asibiti da masu jinyarsu da ke kwana kan tabarma a barandar ɗaki, waɗanda yawancinsu ba su da hanyar da muryarsu za ta iso Yaunde.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne dokar da aka sa wa hannu a watan Disamba na 2024, wadda ta tsara yadda za a riƙa sana'ar maganin gargajiya a ƙasar nan. Mun yi murna da ita, don ta amince da abin da kowa ya daɗe da sani: mutanenmu ba su rabu da ganye da saiwa da sassaƙe ba, kuma ba za su rabu da su ba. Sai dai akwai wurin da aka bari a baya, wato cikin ɗakin kwanciyar marasa lafiya. A can ne maganin likita da maganin gida ke haɗuwa a ciki ɗaya, a jini ɗaya, ba tare da likita ya san na gida ba, ba tare da mai ganye ya san na likita ba.

Duk wanda ya taɓa aikin dare a asibitin arewa ya san yadda abin yake. Likita ya gama zagaye, an rage fitila, sai mai jinya ya jawo jarka ko fulas daga ƙarƙashin gado, ya tsiyaya wa mara lafiya jiƙon maɗaci ko sabara ko marke. Wani a cikin kunu ake kaɗa masa garin. Wani a robar lemo ake shigo da shi don kada mai gadi ya gane. Ba mugunta ke sa su ba. Ƙauna ce da tsoro da ƙarancin kuɗi. An rubuta musu takardar magani mai tsada sun sayi rabi, ciwo ya ƙi sauƙi, 'yan dubiya kuma kowa da abin da ya zo da shi, kuma a al'adarmu ba a mayar wa babba hannu idan ya kawo taimako.

Kokenmu na farko shi ne ba a tambaya. A karnen mara lafiya, wato ɗan littafinsa na asibiti, da takardun karɓarsa akwai inda ake rubuta zafin jiki da awon jini da nauyi da cututtukan baya, amma da wuya ka ga gurbin da aka ware wa maganin gida. Inda aka yi tambayar ma, da faɗa ake yin ta: “Me kuka ɗura masa kafin ku kawo shi?” Wanda aka tambaya haka a gaban jama'a, amsarsa ɗaya ce, ba mu ba shi komai ba. Daga ranar kuma zai ƙara ɓoyewa. Akwai wata matsalar da ma'aikata da yawa ba su lura da ita ba: idan ka ce wa mutum “kana shan magani?” ƙwaya da allura yake ji. Zoɓon da yake sha kofi uku a rana don hawan jini, da tafarnuwar da yake haɗiya da safe, da hulba da habbatus sauda, da kunun kanwar mai jego, duk a wurinsa abinci ne ko sunna ko al'ada. Ya faɗi gaskiya da ya ce a'a, likita kuma ya tafi da labarin da bai cika ba.

Ga abin da wannan shirun ke jawowa, kuma mun zaɓi waɗanda suka fi yawa ne kawai.

Ƙoda ce ta fi shan wahala. A ɗauki mutumin da ya zo da zazzaɓi da amai a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Jikinsa ya riga ya bushe. A gida an ba shi filasko don a wanke masa ciki, ya yi ta zawo, ruwan da ya rage ya ƙara tafiya. Ya sayi ƙwayar diklofenak a teburin mai sayar da magani don ciwon jiki. A asibiti aka sa masa allurar jantamisin mai kashe ƙwayoyin cuta, wadda ita ma nauyi ce a kan ƙoda. Kowanne daga cikin ukun nan shi kaɗai mai yiwuwa jiki ya jure, amma haɗuwarsu a jikin da ba ruwa ita ke tsayar da fitsari. Da likita ya san da filasko da ƙwayar tebur, da ya fara da ƙarin ruwa, ya auna kiriyatinin, wato gwajin jinin da ke nuna lafiyar ƙoda, ya zaɓi wani maganin. Babban mutum da fitsarinsa bai kai mililita 400 a kwana ɗaya ba yana cikin haɗari, amma sai an sa ido ake ganewa. Gwamnati ta sauƙaƙa kuɗin wankin ƙoda ƙarƙashin shirin lafiya ga kowa da aka fara a 2023, mun gode, sai dai injinan ƙidayayyu ne, kuma mutumin Tubaro ko Mokolo da ya faɗa wankin ƙoda sau biyu a mako ya bar gonarsa ke nan. Hana ƙodar lalacewa ya fi araha nesa ba kusa ba.

Hanta ma haka. Jihohin arewa na cikin inda ciwon hanta nau'in B ya fi yawa a ƙasar nan, mutane da dama na ɗauke da shi ba su sani ba. Mai tarin fuka yana shan magani wata 6, kuma uku daga cikin magungunan watanni biyun farko, izoniyazid da rifamfisin da pirazinamid, suna iya taɓa hanta. Idan idonsa ya fara rawaya, 'yan uwa sukan ce shawara ce, kuma a wurin mutanenmu shawara ba ta asibiti ba ce, har ana cewa allura na kashe mai ita. Sai a ƙara masa jiƙo a kan hantar da ta riga ta gaji. Ƙa'idar likita ita ce a dakatar da maganin tarin idan awon ALAT, wato gwajin jinin da ke nuna lafiyar hanta, ya ninka iyakarsa sau biyar, ko sau uku idan da alamun ciwo. Amma wanne za a dakatar, wanne ne mai laifin, idan ba a san akwai na biyu ba? Sau da yawa maganin asibitin ake cirewa, jiƙon ya ci gaba, tarin ya dawo da ƙarfinsa.

Masu ciwon suga nasu ya fi saurin kisa. Shuwaka, wadda 'yan kudu ke miyar ndole da ita, da garafuni da ganyen darbejiya da hulba duk ana shan su don sauke suga. Mara lafiyar da ke kan insulin ko gilibenkilamid, ba ya iya cin abinci sosai, sannan aka ba shi kofin jiƙon shuwaka da dare, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da giram 0.70 a lita. Zai fara gumi mai sanyi da rawar jiki da sambatu, sannan ya yi shiru. Mai jinya ya ɗauka barci ya samu, ko kuma iska ce ta taɓa shi. Idan yana iya haɗiya, ƙwayar sukari uku a ruwa na iya dawo da shi. Idan ya suma sai gulukos ta jijiya, kuma ba a ɗura wa wanda ya suma komai a baki. Wannan bayani na minti biyu ne, amma masu jinya nawa aka taɓa yi wa shi?

A ɓangaren zuciya da hawan jini, zoɓo yana sauke jini da gaske, shi ya sa wanda ke haɗa shi da ƙwayoyin likita kan ji jiri idan ya miƙe, tsoho ya faɗi a banɗaki. Filasko da sauran masu sa zawo suna zubar da sinadarin fotasiyom, furosemid, maganin fitar da ruwa daga jiki, ma yana zubar da shi, kuma idan fotasiyom ya yi ƙasa sai digoksin, maganin zuciya, ya koma guba, zuciya ta rikice. Tumfafiya, wadda ke ko'ina a bakin hanya, tana ɗauke da sinadarai dangin digoksin ɗin kansa. Haɗa su ninka magani ne ba da awo ba. Ruwan nononta kuma idan ya shiga ido yana dusashe gani. Kanwa ba tsiro ba ce, amma kusan babu jiƙon da ba a jefa ta ciki, kuma gishirin sodiyom ne ya cika ta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta kumburin zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon wuta. Matanmu na nan suna yin wannan al'ada, kanwar yankin tafkin Chadi kuma a ƙofar gida take. Mai jegon da ke haki, ƙafa ta kumbura, ana ba ta maganin fitar da ruwa da rana, da dare ana ba ta kunun kanwa, aikin baban giwa ake yi.

Ranka ya daɗe, a kan mata masu ciki da jarirai muke so ka fi tsayawa. Shirin cekin lafiya na sefa 6,000 ya jawo mata da yawa zuwa awo da haihuwa a asibiti, wannan alheri ne babba. To amma mace kan iso ɗakin haihuwa ta riga ta sha jiƙon saurin naƙuda ko man zurman. Ungozoma ba ta sani ba, ta ga naƙuda na jan ƙafa a ganinta, ta sa ositosin, maganin ƙara ƙarfin naƙuda, a ruwa. Mahaifa ta riƙa matsewa ba hutu, jinin da ke zuwa wa jariri ya ragu, idan kuma macen ta taɓa yin tiyatar haihuwa ko ta haihu da yawa, mahaifar na iya fashewa. Saiwar sanya, wadda ake wa kirari da uwar magunguna, tana da guba mai ƙarfi, kuma an san matan da suka mutu bayan sun yi matsi da ita. Saiwar zogale da ɓawonsa ba na mai ciki ba ne, ko da yake ganyensa abinci ne mai kyau. Ƙwayar ƙarin jini da ake raba wa masu awo ba ta shiga jiki yadda ya kamata idan an kora ta da shayi mai kauri ko jiƙon bagaruwa, saboda sinadarin da ke sa su ɗaure baki yana kama ƙarfen. A bar tazarar awa biyu tsakaninsu ya wadatar. Farar ƙasar da masu ciki ke ci, wadda ake sayarwa da sunan kalaba, ita ma tana kama magani a hanji, kuma an sha samun dalma a cikinta.

Jariri kuwa hantarsa da ƙodarsa ba su nuna ba. Daurin da ake ɗura masa a kwanakin farko, an toshe masa hanci don ya haɗiye, yana iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu a kawo shi da numfashi sama-sama. Man darbejiya ko kaɗan ne yana sa jariri amai da jijjiga da suma, an rubuta wannan a Indiya da Malesiya. Lalle a jikin jaririn da ya gaji ƙarancin sinadarin G6PD mai kare ƙwayoyin jini, abin da ba baƙo ba ne a cikinmu musamman ga maza, yana farfasa jini, yaro ya yi fari fat, ido ya yi rawaya. Yaran da suka fara tafiya kuma su ne ke cin 'ya'yan bini-da-zugu da ke shingen gidaje, ko 'ya'yan zaƙami. Na zaƙami alamarsa a bayyane take ga wanda aka koya wa: ƙwayar ido ta buɗe, fata ta bushe ta yi zafi, zuciya na gudu, fitsari ya tsaya, yaro na fizge-fizge yana kama abin da babu. Wanda ba a koya wa ba zai ce zazzaɓi ne ya hau kai ko sanƙarau.

Sauran a taƙaice. Tafarnuwa mai yawa na hana jini saurin daskarewa, don haka masu sa barcin tiyata ke son a bar ta aƙalla kwana 7 kafin aiki, sauran magungunan ganye kuma mako 2; a wurinmu ana sa wa mutum ranar tiyata ba wanda ya ce masa komai. Binciken da aka yi a Najeriya ya nuna tsamiya na ƙara yawan asfirin da ke shiga jini. Masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki da ke ɗauke da dolutegirabir, dole su sha shi awa 2 kafin, ko awa 6 bayan, duk wani abu mai ƙarfe ko alli ko farar ƙasa, in ba haka ba maganin ya yi rauni ƙwayar cutar ta samu kansa. Wanda kububuwa ta sara a kwarin Binuwai, awannin da aka ɓata ana tsaga da shafa ganye da ɗaure ƙafa su ne awannin da jini ke tsinkewa a ciki, alhali gwajin daskarewar jini na minti 20 a busasshiyar kwalba ya isa a san yana bukatar allurar dafi.

Tazargade na bukatar magana ta daban, don ana tallarta sosai yanzu, har da masu ilimi. Gaskiya ne daga wani nau'inta aka fitar da atemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, aikin da ya ba Tu Youyou ta ƙasar Sin kyautar Nobel a 2015. Amma shayin ganyen ba shi da awo, wani ya yi ƙarfi wani ya yi salam, yakan kwantar da zazzaɓi ba tare da ya ƙarar da ƙwayoyin cutar ba, waɗanda suka tsira kuma su ne ke koyon jure magani. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan amfani da ganyen don rigakafi ko maganin zazzaɓin cizon sauro. An riga an tabbatar da ƙwayar cutar da ta fara jure atemisinin a Ruwanda da Uganda da Eritiriya. Idan ta iso nan, allurar atesunat, dangin atemisinin, da ke ceton yaranmu a damina ce za ta rasa kaifi.

Kokenmu na biyu ya shafi abin da ke cikin jarkar kanta. Ƙwayar asibiti miligiram ɗinta a rubuce yake. Jiƙo kuwa ƙarfinsa na bin abubuwa da yawa: sassaƙen rani ne ko na damina, itacen tsoho ne ko matashi, dafawa aka yi ko jiƙawa, minti nawa ya yi a wuta. Tukunyar da ake mayarwa kan murhu kwana uku ruwan na ƙonewa, kofin rana ta uku ba ɗaya yake da na ranar farko ba. A zafin bazara jiƙon da ya kwana biyu a roba ya fara lalacewa. Garin da aka ajiye da danshi yana yin funfuna, wata funfunar kuma gubar hanta ce. Nan ƙasar auduga ce, ganyen da aka tsinko a gefen gonar da aka yi wa feshi yana zuwa da maganin ƙwari, kuma har yanzu akwai masu zuba jiƙo a tsohuwar jarkar feshi. Suna ma na rikitarwa: tsiro ɗaya na da suna da Hausa, wani da Fulatanci, wani da Larabcin Shuwa, wani da Tupuri ko Mafa, wani lokaci kuma suna ɗaya na kan tsirrai biyu, ɗaya mai sauƙi ɗaya mai guba.

Mafi muni shi ne algus. Masu yawo da mota da lasifika a ranakun kasuwa suna sayar da kwalba ɗaya mai maganin basir da taifot da sanyi da suga da ƙarfin maza. Irin waɗannan haɗe-haɗe an sha kama su, a ƙasashe da dama, da dakakken deksametazon ko diklofenak ko farasitamol ko sildenafil a ciki. Mai shan deksametazon bai sani ba zai ji ciwon gwiwa ya tafi, ci ya buɗe, fuska ta cika, ya ce magani ya karɓe shi. Sugansa na hawa, garkuwarsa na sauka. Ranar da aka kwantar da shi kwalbar ta yanke farat ɗaya, sai jininsa ya faɗi, likita ya rasa dalili. Dattawan da ke cikinmu, waɗanda suka san itace da lokacin saransa, su ne suka fi kowa jin zafin wannan, domin sunan sana'arsu ake ɓatawa. Kuma idan asibitin gunduma ya yi zargin wata kwalba, ba shi da tsararriyar hanyar aika ta a gwada a dawo masa da amsa kafin mai ita ya tashi zuwa wata kasuwar.

Na uku, an bar masu maganin gargajiya na gaskiya a bakin ƙofa. Su ne mara lafiya ke fara zuwa wurinsu, su ne kuma yake komawa idan an sallame shi. Da yawansu a shirye suke su ce wa mutum wannan ba nawa ba ne, tafi asibiti, amma idan sun rako shi sai a tarbe su da harara. Kada a ɗauka muna ƙin tsirrai. Kinin daga ɓawon itace ya fito, digoksin daga ganye, kuma ɓawon wani itacen duwatsun kudu maso yammacin ƙasar nan har Turai ake kai shi don maganin kumburin mafitsarar maza. Abin da ya mayar da su magani abin dogaro shi ne awo da gwaji da rubutu. Gana ta horar da masana maganin ganye a jami'ar Kumasi, ta buɗe musu sassa a wasu asibitocin gwamnati. Mali ta daɗe tana da sashen maganin gargajiya a Bamako da ke fitar da ingantattun haɗe-haɗe masu awo. Mu ma muna da cibiyar IMPM mai binciken tsirran magani a Yaunde, da ɗakin gwajin ingancin magunguna na LANACOME, da reshen cibiyar Pasteur a Garwa, da jami'o'in Ngaundare da Marwa da Garwa. Kayan aikin na nan, haɗa su da gadon mara lafiya ne ya rage.

Don haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A fitar da umarni a rubuce cewa kowace takardar karɓar mara lafiya da kowane karnen awon ciki su ƙunshi gurbin maganin gida, kuma cika shi ya zama wajibi kamar auna zafin jiki. Abin da za a rubuta: sunan tsiron da harshen da aka faɗe shi, wane sashe, ganye ko saiwa ko sassaƙe ko 'ya'ya, yadda aka haɗa, jiƙo ko dahuwa ko gari ko hayaƙi ko matsi ko wanka, da me aka gauraya, kanwa ko zuma ko nono, awo nawa, kofin shayi ko ludayi ko cokali, sau nawa a rana, tun yaushe, da lokacin shan ƙarshe, daga hannun wa aka samo. A sake tambayar a rana ta biyu ko ta uku, kuma a tambayi mai jinya a keɓe, domin shi ke riƙe da jarkar. Wannan ba ya cin kuɗi sai na buga takarda.

A koya wa ma'aikata yadda ake tambayar. Wanda ya ce, “Baba, kowa na taimaka wa nasa da na gida, me aka samu aka ba ka don mu san wanda zai tafi da namu?” zai ji abin da mai tsawa ba zai taɓa ji ba. A hana zagi da kunyata masu jinya a kan wannan, a kuma daina ƙwace jarka a zubar ba bayani, don gobe wata za ta shigo ta taga. A nemi a kawo kwalbar ko ragowar sassaƙen a gani. Inda babu haɗari, kamar ganyen zogale a abinci, a ce musu babu laifi, don su yarda da mu ranar da muka ce wannan kam a dakata.

A sa IMPM da jami'o'in arewa su haɗa ɗan littafin aljihu na tsirran da aka fi sha a jihohin nan uku, talatin ko arba'in sun isa a fara, da hoto mai launi, da sunayensu a harsunan yankin da Faransanci, da magungunan da ba sa jituwa da su, da alamun gubarsu da matakin farko. A ajiye shi a ɗakin gaggawa da ɗakin haihuwa da na yara, a kuma sa darasinsa a makarantun jinya da ungozoma.

A ba asibitocin gunduma abin auna suga da tsinkensa da ba ya yankewa, da gwajin kiriyatinin da ALAT a farashin da talaka zai iya. A sa doka cewa duk wanda ya faɗi yana shan jiƙo, a auna ƙodarsa kafin a fara masa jantamisin ko diklofenak, a auna hantarsa kafin maganin tarin fuka.

A faɗaɗa takardar kai rahoton illar magani ta haɗa da na gargajiya, a naɗa mai harhaɗa magani ɗaya a kowane asibitin jiha da zai tattara rahotannin da samfurin kwalaben, a aika LANACOME, amsa ta dawo cikin wa'adin da aka yanka. Abin da aka samu da algus a sanar da sunansa a gidajen rediyon yankin da Hausa da Fulatanci da Larabci, hukuma ta ɗauke shi daga kasuwa, a kuma hana masu lasifika talla a ƙofar asibiti.

A buɗe ƙofa ga masu maganin gargajiyar da doka ta amince da su. A ba su takardar tura mara lafiya mai sauƙi, wadda ko da alamar hoto za a iya cikawa, su rubuta abin da suka ba shi. A zauna da su duk wata uku a matakin gunduma, tare da ungozomomin gargajiya da wanzamai, a yarda a kan alamun da ba a jinkiri da su: jijjiga, suma, rawayar ido, tsayawar fitsari, zubar jini ga mai ciki, naƙudar da ta wuce awa 12, saran maciji, da zazzaɓin jaririn da bai kai wata 2 ba. A nemi lamidai da limamai da fastoci su isar da saƙon, don maganarsu na shiga inda tamu ba ta kai.

Muna roƙon a fara da gurbin takardar nan da horon ma'aikata a asibitocin jiha na Garwa da Marwa da Ngaundare kafin damina mai zuwa, lokacin da ɗakunan yara ke cika, sannan a ranar 31 ga Agusta, ranar maganin gargajiya ta Afirka, wakilan ma'aikatarka su karanta wa jama'a abin da aka tattara. A shirye muke mu ba da lokacinmu wajen tsara tambayoyin da fassara su da tantance sunayen tsirran, duk ranar da aka kira mu.

Allah ya ja zamaninka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Naka cikin girmamawa,
Wasu ma'aikatan jinya da ungozomomi da masu harhaɗa magunguna da masu maganin gargajiya na jihohin arewacin Kamaru.